Wa Ke Da Hannun Ɗan Dambe?

Dambe wasan kaka ne tun asali. Idan an yanke dawa, an ɓare masara, an kai auduga awo, kuɗi sun shiga aljihun manomi, sai mahauta su ɗauki makaɗansu na kalangu su riƙa bin garuruwa ana gwada ƙwanji a dandali, damina na faɗuwa kowa ya koma gona. Yau abin ya sauya. Dambe ya zama sana'ar rani da damina, da gidajensa a Kano da Dei-Dei ta Abuja da wasu birane, da ɓangarorinsa na Arewa da Kudu da Guramada, ana sa mota ko babur a gasa, ana ɗaukar wasan a waya duniya ta gani. Saurayi mai ƙarfi daga ƙauyukan Bakori ko Ƙafur ko Danja zai iya jingine fartanya ya ce da hannunsa zai ci abinci. To, shin yana da ikon ya ƙarar da wannan hannun, da kan da ke bisa wuyansa, yadda ya ga dama, tunda jikinsa ne?

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. A Amurka akwai wasan besbol, kuma a cikinsa akwai mutum guda da aikinsa jifa kawai. Yana tsayawa nisan mita 18 da ɗoriya daga mai sanda, ya wurga ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, ya maimaita haka kusan sau 100 a wasa ɗaya. Ba a halicci gwiwar hannun ɗan Adam don wannan ba, jijiyar da ke riƙe da ita takan saki ko ta tsinke. Sandy Koufax na ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, bahago ne, an zaɓe shi gwanin masu jifa a 1963 da 1965 da 1966. Amma a shekarunsa na ƙarshe sai an yi masa allura yake iya fita fili, in an tashi wasa ya tsoma gwiwar da ta kumbura cikin ruwan ƙanƙara. A ƙarshen 1966, bayan ya ci wasa 27 a kakar, yana ɗan shekara 30, ya ce ya daina, domin likita ya gargaɗe shi cewa hannun zai iya nakasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗan dambe ana naɗa masa kara, ya ga yadda ake ɗaure dunƙulen da tsumma sannan a bi shi da igiya ana ja ana matsewa har ya zama kamar dutse, ya ga tsagar magani a dantse da yatsun da suka karye suka haɗe a karkace, ya san cewa mutanen nan biyu hajarsu ɗaya. Kowannensu gaɓa guda yake sayarwa, kuma ba ta da madadi.

Amsar Musulunci a nan ba ta da ruɗani: jiki amana ne, mutum mai riƙo ne. Lokacin da sahabi Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya rage, ya nuna masa cewa jikinsa da idanunsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. Idan ba a yarda a wahalar da jiki fiye da kima ba a cikin ibada, ina ga neman suna? Manomin wannan yanki ya san bambancin gonar gado da ta aro. Wanda aka ara wa gona ya yi ta zuba mata masara shekara bayan shekara, ba taki ba hutu, har wuta-wuta ta cinye ta, ba zai kare kansa da cewa shi ne yake nomawa ba, domin akwai mai ita, kuma ranar mayarwa na zuwa.

Wani zai ce, ai kowa jikinsa yake ci. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata gaggawa ba. Je ka kasuwar hatsi ta Dandume ka ga ɗan dako ya durƙusa an ɗora masa buhun masara mai kilo 100 a ƙeya, yana hawa katako zuwa cikin babbar mota, daga safe har la'asar. Dubi tsohon manomi da bayansa ya ranƙwafa, ko matar da ta tsufa a bakin murhu idanunta sun dushe da hayaƙi. Ba wanda ya ce sun ci amana. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da tambayoyin ranar hisabi ma bai ɗauka cewa za a mayar da jiki sabo fil ba. Abin da za a tambaya shi ne a cikin me aka tsufar da shi. Ke nan ba gajiyar gaɓa ce laifi ba. Abin dubawa biyu ne: me aka samu a madadinta, kuma shin ɓarnar tsautsayi ce da ke biyo aikin, ko ita ce aikin kansa? Ciwon bayan ɗan dako farashi ne da yake biya don hatsi ya isa ga masu ci. Da za a samo masa amalanke, buhun zai isa mota ba tare da ciwon ba.

A nan ne ɗan dambe ya rabu da mai jifan besbol, kuma dole mai son wasan ya haƙura ya ji. Mai jifa hannunsa kaɗai yake ci, kuma ba ya nufin cutar da kowa. Shi kuwa ɗan dambe nasararsa ita ce ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, kuma hanya mafi sauri ita ce muƙamuƙi da kunne. An hana dukan fuska a hadisan da Buhari da Muslim suka kawo, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta haramta damben zamani bisa wannan dalili da kuma cutarwa. Cewa su biyun sun yarda ba ya warware komai, domin mutum ba ya bayar da izini a kan abin da ba mallakarsa ba. Kuma ba jarumtaka addini ya ƙi ba. An ruwaito cewa Annabi ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ga kuma kokawar Nijar da ake gasar takobinta tun 1975, wadda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauka sau da dama, ana cika fili maƙil ba tare da an nufi kan kowa da naushi ba.

Sai hujjar ƙaddara, wadda ta fi kowace yawa a bakin 'yan wasa: in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru, kuma ga laya ga tauri. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma wanda yake faɗin haka shi ne kuma yake sayen taki a kan kari, yake feshi kafin tsutsa ta shiga masara. Bai taɓa barin gonarsa ga ƙaddara ba, sai kansa. Wasu kuma za su nuna ci gaban likitanci. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro jijiya daga hannun dama na wani mai jifa, Tommy John, ya dasa a gwiwar hagunsa, mutumin ya dawo fili a 1976 ya yi wasa har 1989. Aikin ya zama ruwan dare a Amurka, har ana yi wa yara 'yan sakandare, abin da ke nuna cewa samun gyara ya ƙara wa mutane ƙarfin halin ɓatawa. Wannan ma gwiwa ce, a ƙasar da ƙungiya ke biyan kuɗin asibiti. Ƙwaƙwalwar da ta sha girgiza shekara goma ba a dasa mata komai, kuma ɗan damben da ya koma ƙauye harshe na sarƙewa, hannu na rawa, ɗawainiyarsa kan uwa da mata take faɗawa.

Hujjar da ta fi taɓa zuciya ita ce talauci. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara zuwa gonakinsu na nesa, ga tsadar taki, saurayin da ya zaɓi fage a kan ɗaukar makami ba abin zagi ba ne, kuma malamin da zai ce haramun ne ya naɗe tabarmarsa bai gama aikinsa ba. Sai dai larura tana rage wa mai ita laifi ne, ba ta rage wa waɗanda ke cin moriyarta. Koufax ya iya tsayawa saboda yana da abin komawa, kuma akwai likitan da ya gaya masa gaskiya. Ɗan damben namu duk wanda ke kewaye da shi ci gaba yake so ya yi. Waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago sun sa har yau ana ambaton sunan Shago da na abokin karawarsa Ɗandunawa, kuma wannan gado ne na harshe da ba mai musun darajarsa. Amma kirarin da ke raya suna shi ne kuma yake tayar da mutumin da jiri bai sake shi ba ya koma turmi na gaba. Mai gidan da ya karɓi kuɗin ƙofa, attajirin da ya yi liƙi don a sake haɗa su, da mu da muka yi ihu lokacin da wani ya faɗi, duk mun sa hannu a cinikin. Mafi ƙarancin abin da ke kanmu shi ne ma'aikacin lafiya a bakin fage wanda maganarsa ta fi ta alƙalin wasa, hutun dole na makonni ga duk wanda ya suma, hana ƙananan yara shiga, da wani kaso na kuɗin ƙofa da za a riƙa ajiye wa ɗan wasa, ya samu jarin awon hatsi ko shanun huɗa a ranar da ya kwance kara.