Wa Zai Biya Mai Masauki?



A cikin Bishara ta hannun Markus, sura 5, muna karanta labarin wata mace wadda ta yi shekara 12 tana fama da zubar jini. Ta zaga wurin masu magani har dukiyarta ta ƙare ƙaf, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Sa'ad da ta iso wurin Yesu, nawaya biyu take ɗauke da su, wato ciwo da talaucin da ciwon ya jawo mata.

Mun san wannan mace, gama kowace Lahadi tana zaune tare da mu a majami'a. Mun san gidajen da aka sayar da hatsin rumbu, aka jinginar da gona, aka cire yaro daga makaranta domin a biya kuɗin tiyata. Mun san mai naƙuda da aka riƙe a gida saboda tsoron kuɗin asibiti, har lokaci ya ƙure. Mun san tsohon da yake raba ƙwayar hawan jini biyu domin ta kai shi ƙarshen wata. A Nijeriya, fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun iyalai yake fitowa.

A cikin Luka, sura 10, Ubangiji ya nuna mana Basamariye mai tausayi. Muna yawan tunawa da mai da ruwan inabin da ya zuba wa raunuka, amma mukan manta da dinari biyun da ya ba mai masauki, da alkawarin da ya yi na biyan sauran in ya komo. Mutumin da aka yi wa fashi ba shi da ko anini, duk da haka aka yi jinyarsa, domin wani ya ɗauki nauyin. Ashe biyan kuɗin jinya yana cikin aikin jinƙai. Saboda haka ne Paparoma Yohanna na 23, cikin wasiƙarsa ta 1963 a kan salama a duniya, ya lissafta samun magani cikin hakkokin kowane ɗan Adam.

Masu mulki sun ɗauki alkawarai. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka amince su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusu domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Amma alkawari kaya ne, kuma galibin 'yan'uwanmu na ƙauye ba su ga amfaninsa ba tukuna.

Me za mu yi ke nan? Da fari, mu nemi ofishin inshorar lafiya na jiharmu, mu yi rajista, mu taimaki tsofaffi da gwauraye su yi. Na biyu, kowace majami'a, da Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa, ta buɗe asusun marasa lafiya, a riƙe shi da amana, a bayyana lissafinsa a fili. Na uku, idan masu neman ƙuri'a suka zo, mu tambaye su cikin ladabi, ba da tsoro ba: nawa kuka ware wa asibitin ƙauyenmu, ina kuma maganin? Mu yi wannan tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama ciwo ba ya tambayar addini.

Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe wa marasa lafiya tun 1992, mu zo da addu'a, mu zo kuma da dinarinmu biyu.

Ubangiji Yesu, Mai warkarwa, ya ta'azantar da marasa lafiyarmu. Uwarmu Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.