Waƙar Godiya a Gaban Mai Hasara

Bari a fara karanta Luka 18:9-14 da Habakkuk 3:17-19.

Mutanen ƙasarmu masu waƙa ne. Daga Kwoi, inda 'yan mishan na SIM suka zauna a 1910, har Kagoro da Zonkwa da Kafanchan, da wuya a tashi sujada ba a ji zumuntar mata da tulunsu ba, yawancin abin da su ke rairawa kuwa godiya ce. Dattawa ba su manta da faifan Jim Reeves ba, mawaƙin karkarar Amurka, wanda ya fito a 1962, inda ya ke gode wa Allah saboda hasken rana da furanni da gonaki. Irin wannan godiya ba ta da wuya, gama rana ta kowa ce.

Wuyar ta kan zo sa'ad da albarka ta sami wani ta tsallake wani. A daminar 2023 cuta ta faɗa wa citta a ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko, ta ruɓe tun tana cikin ƙasa. A ce ranar godiyar kaka ta zo. Ga wanda ya shuka masara, rumbunsa cike; ga wanda ya ci bashi ya zuba dukansa a citta, a benci ɗaya su ke zaune. Ko ya dace na farin ya ɗaga murya?

Waɗansu sun ce ya yi shiru, kunya ce. Ba mu yarda ba. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo, Ubangiji kuwa ya nemi taran (Luka 17:17). Wanda ya karɓi alheri ya haɗiye, bai kyauta ba.

Amma mu duba Bafarisiyen nan da kyau. Da godiya ya buɗe addu'arsa, mai yiwuwa kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba, duk da haka ya koma gida ba a karɓe shi ba. Abin da ya ɓata shi ke nan: ya mai da mai karɓar haraji mudun da ya auna kansa da shi. Akwai waƙoƙi a bakinmu masu wannan aibi. Mu kan lissafta waɗanda suka mutu da waɗanda su ke kwance a asibiti, sa'an nan mu yi guɗa domin ba mu cikinsu. Wani ma ya kan ƙara dalili, wai saboda zakkarsa ne ko azuminsa. Sa'ad da tarzoma ta tashi daga Kafanchan a watan Maris na 1987 har aka ƙone majami'u a Zariya da Kaduna, waɗanda wuta ta ci nasu ba su fi sauran ƙarancin addu'a ba. Yesu da kansa ya kashe wannan lissafi da ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne (Luka 13:4-5).

Saboda haka kafin mu ɗauki waƙa, mu tambaya ko gwauruwar da ke bencin baya za ta iya amsa ta tare da mu.

Akwai godiyar da mai hasara kaɗai ya ke da ikon farawa. Habakkuk ya yi murna da Allahn cetonsa alhali gona ba amfani, garke ba dabba. Martin Rinkart, fasto a Eilenburg ta Jamus, ya binne mutum sama da 4,000 a annobar 1637, har da matarsa, shi ne kuma mai waƙar godiyar da ikkilisiyoyin duniya su ke rairawa har yau. Sai dai mai cikakken rumbu ba shi da izinin ɗora wa mai kuka wannan waƙa, ya ce masa ya gode haka nan. Nasa shi ne ya yi kuka tare da shi (Romawa 12:15).

Shari'ar Musa ta umarta a ba baƙo da maraya da gwauruwa daga zakkar amfanin gona su ci su ƙoshi (Maimaitawar Shari'a 26:12). Dattawan kowace ikkilisiya su zauna tun kafin ranar godiya, su yanke buhu nawa cikin baikon kaka za a keɓe a saya wa waɗanda gonarsu ta mutu iri.