ZOBEN AURE: WA YA ZAƁA MAKA SHI?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwana matashi, kwanan baya wani ƙanenmu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan karatun magariba. An sa masa rana, saura wata biyu. Ya zaro waya ya nuna mini hoton zobba kashi uku, ya ce, "Malam, wanne ya fi dacewa, mai dutse ko marar dutse? Za mu yi iri ɗaya ne ni da ita." Na ce masa, "Ka haɗa sadaki?" Ya sunkuyar da kai, ya ce da saura. Na ce, "To kuɗin zoben fa?" Ya ce wani abokinsa zai ranta masa.

Wallahi ban yi masa dariya ba, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Yaron yana tsammani shi ne ke zaɓe, alhali kuwa an riga an zaɓa masa tun ba a haifi kakansa ba. Saboda haka kafin ka tambayi wane zobe za ka saya, fara tambayar wanda ya ce maka aure sai da zobe.

ASALIN ABIN

Wannan al'ada tana da tarihi, kuma tarihin ba ɓoyayye ba ne. Rumawan dā, tun suna bautar gumaka, idan mutum ya yi baiko sai ya aika wa yarinya zoben baƙin ƙarfe, ya zama kamar kafin alkawari, irin wanda ake bayarwa a ciniki. Wani marubucinsu mai suna Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambaci wannan zobe na ƙarfe. Sa'an nan suka riƙa sa shi a yatsa na huɗu na hannun hagu, watau wanda ke maƙwabtaka da ƙaramin yatsa, don sun gaji wani zance cewa akwai wata jijiya da ta taso daga wannan yatsa ta zarce zuwa zuciya. Ilimin likitanci ya rushe wannan magana tuni. Babu wata jijiyar so a wannan yatsa, yadda jini ke zagaya sauran yatsu haka yake zagaya shi. Camfin ya mutu, amma yatsan da ya zaɓa yana nan.

Daga baya coci ta karɓi al'adar. A shekarar 866 Paparoma Nikolas na Ɗaya ya ambaci zoben baiko cikin wasiƙar da ya aika wa mutanen Bulgariya yana bayyana musu yadda Kiristocin Rum ke aure. A Ingila kuwa, littafin addu'o'in cocinsu na 1549 ya tsara cewa ango ya sa wa amarya zobe a yatsa na huɗu na hagu, a gaban limaminsu. To, a wurinsu abin ya shiga cikin tsarin ibada. Addininsu ne, ba zaginsu muke yi ba. Muna dai so ka san gonar da kake shirin shiga ta wace ce.

Saura dutsen nan mai ƙyalli, lu'ulu'u, wanda ake kira daimon. An san cewa a 1477 wani basarake na Ostiriya, Maksimiliyan, ya ba Maryamu ta Burgandi zobe mai wannan dutse, amma abin ya daɗe yana hannun sarauta da attajirai. Wanda ya kai shi ɗakin talaka shi ne kamfanin De Beers, wanda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1888. Da kasuwarsu ta faɗi, sai a 1938 suka ɗauki hayar wani kamfanin talla na Amurka, aka shiga cusa wa mutane ta hanyar mujallu da taurarin silima cewa girman dutse shi ne girman so. A tallace-tallacen shekarun 1980 har ƙa'ida suka yanka, wai saurayi ya kashe albashin wata biyu. Dubi Japan: a 1967 amaren da ake ba irin wannan zobe ba su wuce biyar cikin ɗari ba, zuwa 1981 sun kai wajen sittin cikin ɗari. Cikin shekara 14 ɗan kasuwa ya ƙera wa al'umma guda "al'adar gargajiya". Shi kansa zoben ango bai yaɗu a Amurka ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ka gani ke nan: camfin Rumawa a ƙasa, tsarin coci a tsakiya, dabarar 'yan talla a sama. Wannan shi ne abin da ƙanen nan namu zai ciwo bashi a kai.

ZOBE A SUNNA

Kada wani ya ce Musulunci bai san zobe ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya sa zobe, na azurfa. Dalilinsa kuwa sananne ne: da zai aika wa sarakunan Rum da Farisa wasiƙu, aka gaya masa ba sa karanta takarda sai da hatimi, sai aka ƙera masa zobe aka zana sunansa da manzancinsa a jiki. Bayansa Sayyidina Abubakar ya riƙe, Umar ya riƙe, Usman ya riƙe, har ya faɗa rijiyar Arisu a Madina. Zoben aiki ne, ba na ɗaurin aure ba. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'yansa, ba a ruwaito cewa an yi musayar zobba a ko ɗaya ba.

Inda zobe ya haɗu da aure a hadisi shi ne labarin Sahlu ɗan Sa'adu da ke cikin Buhari da Muslim. Wani sahabi matalauci ya nemi aure, aka umurce shi ya je ya nemo abin sadaki ko da zoben ƙarfe ne. Bai samu ba, aka aura masa da abin da ya haddace na Alƙur'ani. Lura da kyau, ɗan'uwana. A nan an ambaci zobe ne don nuna mafi ƙanƙantar abin da za a iya bayarwa, domin a sauƙaƙa wa talaka. Mu kuwa yau mun mai da shi ƙarin kaya a kan wanda lefe ya riga ya danne. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Sayyidina Aliyu sulkensa ya bayar ya auri Fatima.

Zinariya kuwa, wannan ba ta da ja-in-ja: halal ce ga mata, haram ce ga maza. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (S.A.W.) ya ga zoben zinariya a hannun wani mutum, ya cire ya jefar, ya kamanta shi da garwashin wuta. Da aka ce wa mutumin ya ɗauki abinsa ya amfana da kuɗinsa, sai ya rantse ba zai ɗauki abin da Manzon Allah ya jefar ba. To kai da za ka yi "iri ɗaya" da amaryarka, da garwashi za ka buɗe gidanka?

TO, YAYA ZA A YI?

Na san za ka ce, "Malam, ni ban nufi koyi da kowa ba, so nake in faranta mata." Niyyar nan mai kyau ce, kuma shari'a ba ta rufe maka ƙofa ba. Kyauta tsakanin ma'aurata abin so ce. Ga abin da nake ba ka shawara.

Na ɗaya, fara da wajibi. Aure yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da shaidu, da siga, tare da yardar yarinya. Zobe ba ya ciki. Wanda ya biya kuɗin zobe ya bar sadaki ajalan don rashin kuɗi, ya yi gini ba tushe.

Na biyu, in kana da hali, saya mata na zinariya mai nauyi, ka bar mai dutse. Zinariya dukiya ce, ranar da ta matsu za ta kai kasuwa a auna a ba ta kuɗinta, dutse kuwa da wuya ya mayar da abin da aka saye shi. In ka so ma ka sa shi cikin sadaki, ya zama mallakarta, ba mai iko da shi sai ita.

Na uku, kai naka in kana so, na azurfa ne, marar nauyi. Malaman Malikiyya sun iyakance shi da nauyin dirhami biyu. Maƙeran fari na garinku za su ƙera maka da kuɗi kaɗan.

Na huɗu, kada ka kama hannunta ka zura mata zobe a gaban jama'a da masu hoto alhali ba a ɗaura ba. Baiko alkawari ne kurum, har yanzu ba matarka ba ce.

Na biyar, kuma shi ne mafi haɗari, ka tsare zuciyarka. Ranar da ka ji gabanka ya faɗi don zobe ya ɓace, ko ka ƙudurce cewa cire shi zai taɓa aurenku, to ka rataya wa ƙarfe abin da yake na Allah ne shi kaɗai. Da wannan da laya duk tafiyarsu ɗaya. Allah ne ke sanya ƙauna da jinƙai tsakanin miji da mata.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwana, Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Matarka ba za ta auna sonka a yatsanta ba. Za ta auna shi ranar da take kwance ba lafiya, da ranar da ta yi maka kuskure, da ranar da mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida tun amarci bai ƙare ba. Ƙanen nan namu ya fasa rancen, ya cika sadakinsa, ya sayi ɗan rago na walima da abin da ya rage. Na halarci ɗaurin auren, ban ga abin da ya ragu ba.

Allah Ya sauƙaƙa wa samarinmu aure, Ya raba su da bashi da gasa, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya gafarta mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.