Juriya ba ta cikin ƙwaya

Duk wanda ke bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida ta nufi Goronyo ya san masu keken kaya. Da rani, in albasa da tafarnuwa suka fara fitowa daga fadamun Wurno da Goronyo, za ka ga mutum ya ɗaure buhu a kariya da igiyar roba, ya gitta wani a tsakiya. Kafin ya hau kwalta sai ya ratsa yashi, inda taya ke nutsewa, feda ta ƙi juyawa. Nan zai sauka, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a sirdi, ya sunkuyar da kai yana turawa. In ya sayar ya juyo gida, iskar hunturu ce ke dukan ƙirjinsa, ga ƙura, ga leɓe ya tsage. Dattijo a cikinsu ba ya tashi da gudu. Yaron da ya biyo shi ne zai zabura ya wuce, can gaba a tarar da shi gindin bishiya yana haki, dattijon ya ce masa: "Ɗana, ba a yi ma hanya hushi."

Halin da nake son in yaba ke nan, wato juriya. Mun ɗauke ta kamar tsawo ko launin fata, wane an haife shi da ita, wane bai samu ba. Ni ban yarda ba. Juriya koyonta ake yi, kuma rabinta sanin awo ne.

Masu binciken wasanni sun gwada wannan a kan keke. A shekarar 2009 wani masani mai suna Samuele Marcora da abokan aikinsa a Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 16. Wata rana aka sa su aikin kwamfuta mai cin ƙwaƙwalwa na minti 90, wata rana kuma suka zauna kallon fim kawai na daidai wannan lokaci. Bayan kowanne sai su hau keken gwaji su yi ta tuƙi har su gaza. Ranar kallo sun kai daƙiƙa 754 a matsakaici, ranar wahalar ƙwaƙwalwa kuwa 640 suka tsaya. Bugun zuciya da aikin tsoka ba su nuna wani bambanci ba. Abin da ya sauya shi ne yadda suka ji nauyin aikin a ransu. Ashe sau da yawa rai ne ke cewa "na gaji" alhali ƙafa tana da saura.

Shi ya sa masu horar da 'yan tsere suke horar da tunani kamar yadda suke horar da cinya. Ana koya wa ɗan tsere ya yanka doguwar hanya gunduwa-gunduwa, kada ya tuna ƙarshenta, ya tuna gadar da ke gabansa kawai. Ana koya masa ya tanadi 'yan kalmomin da zai riƙa faɗa wa kansa in wuya ta yi wuya, ya kuma sha ruwa tun ƙishi bai kama shi ba. Mai azumi a watan Afrilu a ƙasar Sakkwato, rana ta haura digiri 40, ya san darasin yanka hanya gunduwa-gunduwa ba tare da malami ba: daga azahar la'asar yake hange, daga la'asar sannan ya hangi magariba.

Batun awo kuwa, a dubi madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima. Tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, amma amfaninta yana ga sakin ruwan kaɗan-kaɗan har rani ya fita, shinkafa ta nuna, birnin Sakkwato ya sha. Mutanen yankin ba su manta ambaliyar 2010 ba, sun ga abin da ruwa ke yi in ya taho gaba ɗaya. Ƙarfin ɗan Adam ma haka yake.

Akwai kuma juriyar da babu mai tafa mata. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, ya bar jin daɗin birni ya zauna a bakin daga, kuma a nan ya rasu a 1837, kabarinsa na nan har yau. Zaman ribaɗi yawancinsa jira ne da tsaro da noma da karatu, yau kamar jiya. Horon ɗan tsere ma galibinsa haka ne, fita da asuba ba mai kallo, wata da watanni.

Abin da ya fi damuna shi ne jabun juriya, wadda ake saye a leda. Kowa ya san yadda tiramol ta shiga gonaki da wuraren lodi da tashoshin 'yan kabu-kabu a Arewa. Saurayi zai haɗiya da safe don ya yi kwadagon mutum biyu, a yi ta yabonsa ana cewa ba ya gajiya. Yana gajiya mana, jin gajiyar aka toshe masa. Zafin jiki saƙo ne, wani yana cewa "daure", wani yana cewa "tsaya", ƙwaya kuwa duka biyun take kashewa. Duniyar tseren keke ta biya kuɗin wannan darasi da rai. Ranar 13 ga Yuli, 1967, ɗan Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux a gasar zagayen Faransa, cikin tsananin zafi, aka sami ƙwayar ƙara kuzari da barasa a jikinsa. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tiramol a gasa tun 2019, kuma a kanta aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar Faransa ta 2022. Abin da aka hana ƙwararre mai likita a gefensa, shi yaronmu ke sha ba komai a ciki, ya shiga rana.

Ɗan tseren keke Biniam Girmay na Eritiriya ya nuna fuskokin juriya biyu. A 2022 ya ci zango a gasar Italiya, wurin murna murfin kwalba ya buge shi a ido, aka duba shi a asibiti, washegari bai fito ba, ya haƙura da gasar yana kan ganiyarsa. A 2024, a gasar Faransa mai zango 21 da kusan kilomita 3,500, ya faɗi a zango na 16 ya ji ciwo, aka ɗinke shi, ya tashi ya ci gaba har ya kammala da koriyar rigar zakaran maki bayan ya ci zango uku. Mutum ɗaya ne. Ya san raunin da ake tafiya da shi da wanda ake tsayawa dominsa.

Kada a juya maganata. Ba ina nufin mutanen Gandi a ƙasar Rabah da rashin tsaro ya addaba, ko waɗanda suka rasa 'yan uwa a harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, su ci gaba da daurewa shiru ba. Tsaron hanya haƙƙinsu ne a wuyan hukuma, kuma yaron da ba zai iya fita bayan gari da keke ba saboda tsoro an tauye shi.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Mai gonar da ya ɗauki 'yan kwadago ya san wanda ke aiki da ƙarfinsa da wanda ke aiki da ƙwaya, idanu da magana suna nunawa. In ya fifita na biyun don ya fi sauri, da shi aka haɗa hannu wajen lalata yaron. Ya kai musu ruwa bakin gona, ya ba su inuwa da hutu in rana ta take, ya yanka musu aikin da mutum lafiyayye zai iya gamawa ya kuma dawo gobe. Malaman firamare da sakandare a Wurno da Rabah da Goronyo su ma za su iya shirya tseren ƙafa da na keke a filin makaranta, zagaye da yawa, inda yaro zai gani da idonsa cewa wanda ya zabura a zagayen farko ba kasafai yake kaiwa na goma ba.