Fitila ko Ɗan'uwa?

'Yan'uwa na Baturiya sun san yadda Kogin Hadejia ya kan cika da damina ya malale fadama, har tudu ya koma tsibiri. Masuncin da dare ya yi masa cikin kwalekwale, wutar da wani ya hura bisa tudu ita ce ta kan kai shi gida. Idan mai wutar ya tashi, me zai sami masuncin?

Can yamma da ƙasar Skotland, wajen mil 20 daga tsibirin Lewis, akwai waɗansu 'yan tsibirai na dutse, sunansu Flannan, ba mai zama cikinsu sai tsuntsaye. Bisa babban cikinsu aka gina hasumiya, aka kunna fitilarta cikin Disamba 1899, domin jiragen teku su kauce wa duwatsu. Mutum uku ke tsaronta, dokarsu kuwa ita ce kada dukansu su fita gaba ɗaya.

Ran 15 ga Disamba 1900 wani jirgi ya wuce da dare, bai ga haske ba. Ran 26 jirgin kawo canji ya iso. Aka tarar an share fitila, an zuba mai, amma ba kowa. Rigar ruwa ɗaya tana nan a ɗaki. Mai bincike ya ce a ganinsa sun gangara bakin teku domin su ɗaure akwatin igiyoyi, raƙumin ruwa ya kwashe su. Waɗansu sun ce na ukun ya fita da gudu ne domin ya ceci abokansa.

To, in haka ne, ya yi laifi? Ɗan'uwan da ke nutsewa a gabanka, da baƙin da ke cikin jirgi wanda ba ka taɓa ganinsu ba, wa ya fi hakki a kanka? Ni dai ba ni iya jifansa da dutse, gama Basamariyen nan ma ya tsai da tafiyarsa saboda mutum guda. Amma mu lura da mafarin abin. Saboda igiya mutum biyu suka sayar da ransu, suka bar na uku da zaɓin da ba shi da daɗi ko ta ina.

Haka ya ke cikin ekklesiya. Dattijon da ya kutsa cikin rigimar gona ko bashi, ba kansa kaɗai ya jefa ba. Mai bishara zai bar aji da masu ciwo ya bi shi, ƙauye kuwa ya kwana da duhu.

Tun 1971 fitilar Flannan ke kunna kanta. Tamu har yanzu sai da mutum. Kafin ka gangara bakin ruwa, ɗan'uwa, ka tambayi kanka: wa zai bar fitila ya biyo ni?