Kafin a Zuba wa Kifi Magani, a Duba Ruwansa

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi sun san irin wannan safiya. Kifayen da jiya suke ta kai da kawo yau sun taru a saman ruwa, baki na buɗewa yana rufewa. Wani ya manne fiffikensa a jiki ya laɓe bayan dutse, wani yana goga cikinsa da tsakuwa. An watsa abinci, ko kallo bai ishe su ba. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su garzaya wajen mai sayar da kifi su ce a ba su magani. A ɗiga shuɗi, a ɗiga kore, ana magani kai na kaba, domin mafi yawan lokaci daga ruwan matsalar ta taso.

Kifi a ruwa yake ci, a ciki yake kashi, daga shi kuma yake shaƙar iska. Ta kunnuwansa yake fitar da amoniya, sannan kashinsa da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe su ma amoniya suke zama. A kogi ruwa mai gudu ne zai tafi da ita, a akwati kuwa ba ta da inda za ta. Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zaune a soson matacin ruwa da kan tsakuwa. Wasunsu suna mayar da amoniya nitirait, wasu su mayar da nitirait nitiret, wadda illarta ba ta kai ta biyun farko ba. Ƙwayoyin nan ba sa taruwa dare ɗaya, sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi akwati yau, ya cika shi da kifi a ranar, kafin mako ya zagayo ya fara tsamo matattu.

Abin da ya fi yaudarar mai kifi shi ne ido. Amoniya da nitirait ba su da launi. Ruwa zai yi garau kana hango tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, alhali guba ce a ciki. Amoniya tana ƙona kunnuwan kifi har su yi jajir. Nitirait kuwa jini take shiga ta hana shi ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, sai kifi ya riƙa haki ko da injin iska na aiki. Ba a gane wannan sai da kayan gwajin ruwa: a ɗebi ruwan a 'yar kwalba, a ɗiga sinadarin, a gwada launin da katin da ya zo da shi. Amoniya da nitirait su kasance sifili, nitiret kada ta haura miligiram 40 a lita.

Wajen gyara ne kuma ake neman gira a rasa ido. Mai kifi ya ji an ce ruwa ne ya ɓaci, sai ya kwashe kifayen ya zuba a bokiti, ya juye ruwan kaf, ya wanke gilashi da soso da tsakuwa da sabulu, ya cika da ruwan famfo. Niyyarsa mai kyau ce, amma kilorin ɗin ruwan famfo ya kashe bakteriyar da aka yi makonni ana tarawa, ga sabulu shi ma guba ne ga kifi. Abin da ya dace shi ne a rage kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ko rabi idan abin ya tsananta, a mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki, wanda aka ɗiga masa maganin cire kilorin. Gobe a sake gwadawa, a sake ragewa. Soso kuwa a cikin tsohon ruwan da aka kwasa ake matse shi. A kuma ɗage abinci na kwana ɗaya ko biyu. Wannan ne ya fi yi wa mutane wuya, don tausayi ke sa mu yawan watsa abinci, amma yunwar kwana biyu ba ta kashe lafiyayyen kifi. Bayan haka a riƙa ba su iya abin da za su cinye cikin minti 2.

A wajenmu akwai ƙarin zafi da ɗauke wuta. Yawancin kifayen ado sun fi son ruwa mai digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a Maris da Afrilu zafin rana yana haura 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, dafin amoniya kuma yana ƙaruwa da zafi. Idan wuta ta tafi, matacin ya tsaya, a ɗauke akwatin daga bakin taga, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama don iska ta shiga.

Ina yawan tuna yaranmu idan na ga kifi yana haki a ruwa mai haske. Yaro ya daina surutu, ya rage cin abinci, karatunsa ya ja baya, sai mu ce taurin kai ne ko shiririta, mu ƙara faɗa, mu ƙara bulala. Ba kasafai muke tsayawa mu duba gidan da yake kwana yana tashi a ciki ba, irin maganganun da ake yi a gabansa, da gabar da ke tsakanin manya wadda baƙo ba ya gani. Shi ma kamar kifin, ba shi da ikon sauya wurin da aka ajiye shi, mu ne ke da wannan ikon, mu za a tambaya.

Ban ce magani ba shi da rana ba. Fararen ɗigon nan masu kama da gishiri da ke fitowa a jikin kifi ƙwayar cuta ce ta gaske, kuma tana da maganinta. Sai dai takan fi kama kifin da gurɓataccen ruwa ya riga ya galabaitar. Mai niyyar sayen akwatin kifi, don Allah ya haɗa da kayan gwajin ruwa tun ranar farko, ya kuma fara da kifi biyu ko uku.