Tambayar Lissafi Tonon Asiri Ne?

Babu addu'ar da ta fi yawa a bakin Bahaushe kamar wannan: Allah ya rufa mana asiri. Tun muna yara aka hore mu kada mu tona asirin kowa, balle na babba. Saboda haka idan saurayi a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu ya duba wayarsa ya ce, “A wata kaza an ba ƙaramar hukumarmu kuɗi kaza, ina suka shiga?” sai waɗansu dattawa su ɓata rai, su ce wannan rashin kunya ne. Ya ku masu karatu, bari mu auna maganar nan a hankali, gama ta shafi kowane mai bi.

A zamanin En'e akwai Baitulmali, akwai ma'aji da littattafansa, amma talakan da ya biya haraji ba ya ganin abin da ke ciki. Yanzu al'amari ya sake. A shekara ta 2004 Ministar Kuɗi, Ngozi Okonjo-Iweala, ta soma buga rabon kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu wata wata. Ran 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar 'yancin samun bayani, wadda ta ce idan mutum ya nemi bayani a ofishin gwamnati, a amsa masa cikin kwana 7. A Disamba 2019 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafi a intanet domin nuna manyan kuɗaɗen da ma'aikatunta ke biya. Ashe littafin da dā yake kulle a akwatin ma'aji, yau yana iya shiga aljihun ɗan makaranta.

To, wannan tonon asiri ne? Amsa ita ce, asiri dabam, amana dabam. Talaucin mutum, da ciwonsa, da abin da ke tsakaninsa da iyalinsa, su ne asirinsa, wajibi ne a rufa. Amma kuɗin rijiya, da na asibiti, da na makaranta, ba na shugaba ba ne. Ajiya ce aka ba shi. In ka ba maƙwabcinka buhun gero ajiya, ranar da ka zo ka ce a auna, ba ka ci mutuncinsa ba.

Ku karanta littafin Ezra sura 8. A bakin kogin Ahawa Ezra ya auna azurfa da zinariya na Haikali, ya danƙa wa manyan firistoci 12. Da suka kai Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta nauyin duka. Ezra bai ɗauki firistocin nan ɓarayi ba. Ma'aunin ne ma ya tsare sunansu, gama bayansa babu bakin da zai iya zarginsu. Haka kuma Manzo Bulus, sa'ad da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya so 'yan'uwan da ekklesiyoyi suka zaɓa su raka kuɗin. Mai gaskiya ba ya tsoron mudu.

Mun ga amfanin wannan a jiharmu. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka share gubar a waɗansu ƙauyuka, Bagega ta saura. Likitocin ƙungiyar MSF suka ce ba za a iya yi wa yaran Bagega magani ba sai an kwashe ƙasar da ta gurɓace, gama in yaro ya sha magani ya koma wasa cikin ƙurar nan, aikin banza ne. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma watanni suka wuce kuɗi ba su fito ba. Sai waɗansu samari, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Su da waɗansu ƙungiyoyi suka yi ta tambaya a intanet da jaridu, har a Janairu 2013 aka saki kuɗin, aka soma aiki. Da an yi shiru don kunyar manya, wa zai amsa alhakin yaran nan?

Amma akwai wani gefe, kada mu manta da shi. Na'urar da ke nuna kuɗin hukuma tana iya nuna sunan gwauruwar da aka ba tallafi, da ƙauyenta, da lambar wayarta. Mu da muke zaune a ƙasar Tsafe da Bungudu mun sani 'yan bindiga suna da masu kai musu labari. Idan aka baza sunan manomin da aka biya diyya, an nuna shi ga masu satar mutane ke nan. Don haka ka'idar ita ce: a buɗe littafin mai riƙon amana, a rufa asirin mai rauni. A faɗi nawa aka raba, da mutum nawa, da wace gunduma, amma sunan talaka ya tsaya wurin masu binciken lissafi. Sau da yawa a duniyan nan akan juya abin, mai iko ya san kome na talaka, talaka bai san kome na mai iko ba.

Kuma kada mu dogara ga na'ura fiye da kima. A Satumba 2021 an yanke layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka yi makonni ba intanet. Ko da layi yana nan, kasafin kuɗi da Turanci yake, da lambobi jere jere, tsohuwa a Kwatarkwashi ba za ta iya karanta shi ba. Takarda kuwa tana iya cewa an gina aji 3, alhali fili ne da ciyawa. Gani ya kori ji. Sai mai ilimi ya karanta, ya fassara wa jama'a da Hausa, su tafi da ƙafarsu su duba, sa'an nan su yi tambaya da ladabi, ba da zagi ba. In sun tarar an yi aikin, su faɗa da ƙarfi kamar yadda za su faɗa in ba a yi ba. Wanda ya ƙara gishiri a kan lambobi don ya ɓata abokin gāba, shi ma mai shaidar zur ne.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, mu soma daga gida. Ekklesiyar da ba ta karanta lissafin baiko da zakka a gaban jama'a, da wane baki za ta tambayi shugaban ƙaramar hukuma? Bari mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare, su sa hannu. Bari dattawa su karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kan lokaci, kada kowa ya ji haushin mai tambaya. Amma sunan wanda aka taimaka da hatsi, a bar shi a rufe.

Rana tana zuwa da za a buɗe littattafai duka a gaban Mai Shari'a wanda ba ya karɓar toshi. Mai hikima yakan saba da buɗe nasa tun yau. Ubangiji ya ba mu aminci cikin abin da aka danƙa mana. Amin.